Ranar da Aka Raba Motar Kyaftin

Yayana Barnabe kyaftin ne. Haka kowa yake kiransa a unguwarmu a Bohicon, har Fada a coci in zai ba shi kwandon baiko Kyaftin yake ce masa. Ni kaɗai nake kiransa Fofo, yadda ake kiran wa a gidanmu, domin ni na san inda aka samo kyaftin ɗin. Shekara biyu ya yi a Kwatano yana gadin wani siton kifin ƙanƙara a bayan kasuwa. Teku kuwa sau ɗaya ya taɓa hango ta, daga bayan babur, a nan ma cewa ya yi mai babur ya ƙara wuta. Da ya dawo gida sai ga shi da farar hula mai baki, da wata tsohuwar Fijo, da labaran da ba su ƙarewa.

Ni Rufina, daddawa nake sayarwa a kasuwa, sana'ar da ba a iya ɓoye ta ko an so, shi ya sa ƙarya take tsaya mini a wuya. Duk da haka na kama bakina shekara tara, don ƙaryar Fofo ba ta hana kowa barci ba. Sai da ta taɓa Fifame.

Fifame 'yarsa ce ta fari, shekararta bakwai, kuma duk duniya ba ta da gwani sai ubanta. Wata Laraba ta dawo daga makaranta da yagaggen wuyan riga da kumburarren leɓe. Ashe malama ce ta nuna musu hoton giwar teku, kifin nan da ya fi ɗaki girma, mai fesa ruwa ta tsakar ka. Fifame ta ɗaga hannu ta ce babanta ya taɓa shafa kanta. Aji ya kwashe da dariya, wata ta ce mata 'yar maƙaryaci, ita kuwa ta rufe ta da duka. Da aka raba su, malama ta yanke hukunci: ranar Litinin Fifame za ta tsaya gaban aji ta faɗi abin da ta gani da idonta, ban da abin da aka ba ta labari.

Muna cin tuwo a tsakar gida ta dube shi ta ce, "Papa, da gaske ne ka shafa kanta?"

Na zuba masa ido. Ga ƙofar fita a buɗe, ba sai ya ce wasa yake yi ba? Ya haɗiye lomarsa, ya suɗe yatsa.

"Shafawa kawai? Ai har sunana ta sani."

"Barnabe," in ji matarsa Pelaji, "ka ci abincinka."

"Ki bar ni da 'yata. Fifame, ranar Asabar zan kai ki ku gaisa. Yanzu ne ma lokacin zuwansu, watan goma. Litinin sai ki tsaya ki ba su kunya."

Zancen watan goma gaskiya ne, a rediyo ya ji. Yarinyar nan ta tashi tana tsalle da leɓenta a kumbure, ni kuwa tuwon ya fita daga raina. Na rufe rumfata ranar Asabar, ranar ciniki, na ce da ni za a tafi. Ba teku na je gani ba. Na je ne in kama yarinyar in ta faɗi.

Ƙarfe biyar na asuba aka ce za a tashi. Ƙarfe tara muna ƙofar gida, domin Kyaftin ya tsaya yi wa maƙwabta bayanin tafiya. Ya raba mana muƙamai: Pelaji mataimakiyarsa, ni mai abinci, Fifame mai hangen nesa, ƙanenta Setonji ɗan shekara huɗu kuma mai tsaron tukunya.

Maman Sika mai ƙosai ta ɗago daga kaskonta ta ce, "Kyaftin, in kun haɗu da ita ka yanko mini wutsiya in yi miya."

"Tukunyarki ba za ta ɗauki ko gashin idonta ba."

"Au, har gashin ido gare ta?"

"Ke da ba ki taɓa wuce tasha ba, me zan gaya miki?"

Ya murɗa makulli, Fijo ta yi tari ta yi shiru. Ya leƙo ta taga ya ce babu jirgin da yake barin gaɓa sai da ma'aikata. Tela da masu facin taya suka tura mu har bakin titi, Maman Sika tana biye da su da matsami a hannu tana cewa a gaida kifaye.

Ba mu yi nisa ba Setonji ya ce fitsari. Aka tsaya, ya sauka, ya kalli wata akuya, ya ce ya koma. A ƙauye na gaba ya dawo. Sau biyar muna haka, kuma duk tsayawa sai Fofo ya nemi gangara, don motar ba ta tashi sai da turi. Inda babu gangara, ni da Pelaji ne gangarar.

Can Setonji ya ce, "Papa, giwar teku tana cin yara?"

"Ina. Abarba take ci."

"A cikin ruwa akwai abarba?" in ji Fifame.

"Babu. Shi ya sa in ta ga mai abarba take biyo shi har bakin gaɓa."

Ya faɗi haka ne daidai muna shiga Allada, inda abarba take jibge a bakin hanya hagu da dama. Yara suka sa ihu a tsaya. Matan wurin suka yanyame motar, suka ga farar hula, wata mai wayo ta ce, "Sannu da zuwa, Kyaftin." Shi ke nan, an gama da shi. Ya fito ya buɗe but ya ce a cika. Da but ta cika aka hau rufi, da rufi ya cika aka koma ƙarƙashin ƙafafunmu. Muka bar Allada kowa da abarba biyu a cinya, ganyen yana sukar haɓarsa.

"Barnabe," in ji Pelaji, "mutum nawa za ka aurar?"

"Ba ki san cikin giwar teku ba ne. Wannan buɗe-baki ne kawai."

Gaba kaɗan mota ta ɗau zafi, hayaƙi ya turnuƙe. Ruwan shanmu ya ɗura mata, bai isa ba, ya ƙara da galan ɗin zoɓon da Pelaji ta kwana tana haɗawa. Muka ci gaba mota tana ƙamshin citta da kanumfari. Ƙamshin da gargadar hanya suka taru a cikin Setonji. Ya ce mini, "Tanti, cikina," na ga amai ne tafe, na waiga neman leda, hannuna ya faɗa kan abin da ya fi kusa. Hular Kyaftin ce, ya cire ta ya ajiye tsakanin kujeru don ta sha iska. Na rantse ban zaɓa ba, amma ban yi nadama ba. Aka wanke ta a wani famfo, ya mayar da ita kansa tana ɗiga.

Rana ta take tsaka muka ratsa Ouidah. Bayan gari sai ga ruwa shimfiɗe, lumui, da wata 'yar gada a kansa. Fofo ya taka birki, ya fito, ya buɗe hannuwa.

"Yara, ga ta nan. Ga tekun da ta san ni."

Ya tsuguna ya ɗanɗana, ya ce gishirinta na nan yadda ya bar shi. Ya ce yau ta kwanta ne don girmamawa. Wasu mata masu dafa gishiri a bukkokin gefe suka dakata da aiki suna kallonmu. Yana cikin nuna wa Fifame inda manyan jirage suke bi, sai ga wata tsohuwa ta tattare zani ta ratso ruwan da kwando a ka, bai wuce gwiwarta ba.

"Uwa," Pelaji ta ce, "ina teku?"

"Ku haye gada ku miƙe. Wannan ai tafkinmu ne. Wa ya ce muku teku ce?"

"Gwada su nake yi," in ji Fofo. "In ga ko sun iya bambancewa."

"To ka gwada su da kyau, ɗana, har ka sha."

Tun kafin mu ga teku muka ji ta. Wani rugugi ne da yake shiga ƙirji. Muka bi hanyar yashi tsakanin itatuwan kwakwa har wani ƙauyen masunta, sai ga ta. Ni kaina sai da na riƙe ƙofa. Setonji ya cusa kai a hammatar uwarsa. Fifame kuwa ta manna fuska a gilashi ta ce, "Papa, kai ka shiga wannan?" Ya ce, "Kullum," da wata murya siririya.

A can gefe mutanen ƙauyen ne, maza da mata, sun yi layi suna jan igiyar taru da waƙa. Kowa yana ajiye abin hawansa a ƙarƙashin kwakwa, nesa da ruwa. Amma Fofo ya hango wani fili a ƙasa, yashi mai laima, sumul kamar an yi masa daɓe. Ya ce kyaftin ba ya ajiye jirgi a daji. Ya gangara da mu har can, ya juya hancin mota ya fuskanci ruwa.

Wata mata mai ƙyafe kifi ta bar murhunta ta sauko. "Maigida, ka ɗauke motar nan. Ruwa zai dawo."

"Ya dawo daga ina? Ba ga shi can ya tafi ba?"

"Yanzu ya janye ne. In an jima nan duk nasa ne."

"Uwa, shekara nawa kika yi a kan teku?"

"A kanta? Ko ɗaya. A bakinta aka haife ni."

"To kin ji bambancin. Ni a kanta na yi."

Ta dube shi, ta dubi hular, ta ce Allah ya ba da sa'a, ta koma wajen kifinta.

Aka sauke abarba. Ya jera goma sha biyu a bakin ruwa, yana ajiyewa yana ja da baya da gudu, sannan ya koma nesa ya sa yatsu a baki ya yi fito. Ya ce haka yake kiran giwar teku. Da shiru ya yi yawa sai ya fara jifa da su. Duk wadda ya jefa, teku ta mirgino masa da ita har gaban ƙafa. Masu taru suka gama aikinsu, suka raba kifi, maimakon su tafi gida sai suka zauna a kan tudu suna kallo. Wani ya ɗaga murya ya ce a gwada fere mata, wataƙila ɓawon ne ba ta so.

Ni duk wannan bai dame ni ba. Fifame nake kallo. Ta tsaya wuri ɗaya fiye da awa guda, ta kare ido da tafin hannu, ko ruwa ta ƙi sha. In ta ga farin kumfa a nesa sai ta ɗaga dunduniya, in ya baje ta sauke.

"Papa, ko ba ta ji ba ne?"

"Tana hanya. Kin san manya ba sa gaggawa."

Pelaji ce ta fara waigawa. Ta ce, "Barnabe, motarka tana wanka."

Ruwa ya riga ya kewaye tayoyin gaba. Fofo ya ruga ya shiga ya murɗa makulli, Fijo ta yi abin da ta saba. Ni da Pelaji muka tura ta baya, ba ta motsa ba. Duk raƙumin ruwan da ya zo sai ya kwashe yashin ƙarƙashinta, ta ƙara zama. Da wani babba ya daki gilashi, Kyaftin ya fito ta ƙofar da ba tasa ba, bai tsaya ba sai a gindin kwakwa.

A nan wani tsoho ya same shi, baƙi, siriri, da tawul a wuya. Amusu sunansa, shi ne mai tarun. Bayansa samari ne ɗauke da igiya mai kaurin hannuna.

"An ce kai kyaftin ne," in ji tsohon. "Wane jirgi?"

"Babba."

"Sunansa?"

"An sayar da shi. Sun canja suna."

"Haka suke yi. To ga igiya, Kyaftin. Shiga ka ɗaura a ƙarfen gindin motar, mu kuma mu ja."

"Yaranka ba za su iya ba?"

"Haba. Ɗan kwalekwale ya ɗaura ƙulli kyaftin yana tsaye? Ba mu da tarbiyya ke nan."

Fofo ya karɓi bakin igiya. Ya naɗe wando, ya gyara hula, ya gangara. Ruwa ya taɓa idon sawunsa, wani raƙumi ya taso, sai ga shi ya dawo gindin kwakwa da igiyar a hannu. Ya ce lissafin iska yake yi. Ya sake komawa, ya sake dawowa, wannan karon ba takalmi ɗaya. Mutanen kan tudu suka fara ƙirga masa. Mota kuwa ta karkace, ruwa yana shiga ta taga ɗaya yana fita ta ɗaya.

"Ɗana," in ji Amusu, "ko ka ɗaura, ko ka gaya mana abin da ya hana. Teku ba ta jiran shawara."

"Barnabe," Pelaji ta ce, "buɗe bakinka. A ƙafa za mu koma Bohicon da yara biyu?"

Ya yi wata magana ƙasa-ƙasa. Tsohon ya kama kunne ya ce shi ruwa ya cinye masa ji, a ɗaga murya.

"Ban iya ruwa ba."

"Kyaftin-kyaftin da yawa ba su iya ba. Ƙullin fa?"

"Ban taɓa shiga jirgi ba. Gadi na yi. A siton kifi."

Tudu ya ɗauki sowa. Mai ƙyafe kifi ta dafa cinya tana dariya har da hawaye. Shekara tara ina jiran ranar nan, na sha raya yadda zan yi guɗa in ta zo. Da ta zo, sai idona ya faɗa kan Fifame. Ba ta yi kuka ba. Ta sauke hannun da take kare ido da shi, ta juya wa teku baya, ta tsaya tana kallon yatsun ƙafarta. Wallahi da ana mayar da magana ciki, da ni da kaina na mayar masa da ita.

Samari biyu suka faɗa ruwa, kafin ka ce me sun ɗaura. Amusu ya ɗaga waƙa, ƙauye ya amsa, kowa ya kama igiya. Mu ma muka kama, har yaran, a can ƙarshen layi. Ana ja ana taka rawa da baya, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Fijo ta yi gardama, ta yi ƙugi, sannan ta fito tana zubar da ruwa ta ko'ina kamar kwando. Ba a sake ta ba sai a ƙarƙashin kwakwa, inda aka ce a ajiye ta tun farko.

Fofo ya fara zuba godiya yana neman makulli. Amusu ya ɗaga hannu.

"Dakata. Ba a yi rabo ba."

"Rabon me?"

"A nan, duk abin da igiyar taru ta jawo daga teku rabawa ake yi. Wanda duk ya sa hannu yana da kaso, ko baƙo ne, ko mai wucewa. Ka ga yadda muka yi da kifi ɗazu. Yau Allah ya ba mu babban kamu." Ko murmushi bai yi ba.

"Ni kujerar baya nake so," in ji mai ƙyafe kifi. "Bayana ya gaji da benci."

"Madubin nan nawa ne, aski nake yi," in ji wani.

"A bar mini ƙaho, in riƙa tashin surukata."

"Ƙofa huɗu ce, unguwa huɗu muke, wannan ba gardama."

Wani har ya tsuguna yana auna taya da taƙi. Fofo ya bi wannan ya riƙe, ya bi wancan ya roƙa, ya kira Amusu baba, ya kira shi sarki, ya ce motar ko tashi ba ta yi, ya ce injinta zoɓo ne a ciki. Duk asirin da ya rage masa sai da ya tona da bakinsa. Sai da suka ga ya durƙusa a yashi da takalmi ɗaya sannan tsohon ya ce, tunda kifin tsoho ne, ƙashi ya yi masa yawa, za a raba kayan cikinsa kawai a saki gangar jikin. Aka raba abarba kaf. Aka raba tukunyar jan tuwonmu da soyayyun kaji. Tabarma ta tafi, safayar taya ta tafi. Amusu ya ce shi mai igiya ba ya son da yawa, ya miƙa hannu ya cire farar hular ya ɗora a kansa. Ta yi masa kyau, abin haushi.

Haka ya bi layi yana sallamar kowa har ya iso ƙarshe. Setonji ya samu wata 'yar kaguwa da aka tsinta a ƙarƙashin birki, ya ce ta fi mota. Saura Fifame.

"Ke ma kin ja, na gan ki. Me kike so?"

"Ba na son komai a motar."

"Ba a barin rabo, 'yata. Faɗi."

Ta ɗago. "Giwar teku nake so in gani. Litinin zan tsaya gaban aji. An ce in faɗi abin da na gani da idona, kuma ban ga komai ba sai abarba."

Wasu suka fara dariya, tsohon ya waiga, suka haɗiye. Ya nuna teku da haɓa.

"Tun shekaranjiya akwai wata da ɗanta a bayan raƙuman can. Ban yi miki alkawari ba, ba ta san sunan kowa ba. Amma jirgina yana da mai, kuma rabo rabo ne." Ya gyara hula. "Sai dai ni ba na ɗaukar ɗan mutum a jirgi ba ubansa a ciki."

"Ni gwaggonta ce," na ce. "Zan shiga."

"Shigo, akwai wuri. Amma uba na ce."

Ido ya koma kan Fofo. Yana nan durƙushe, kansa ba hula, sanƙon da ya ɓoye shekara tara yana ƙyalli. Ya kalli raƙuman ruwan nan da suke tashi sun fi shi tsawo. Fifame ba ta roƙe shi ba, ko kallonsa ba ta yi ba. Ina jin wannan ne ya tashe shi.

"Fofo," na ce, "ba dole ba ne."

"Rufina, yi mini shiru. In na buɗe baki zan fasa."

Ya cire ɗaya takalmin ya miƙa wa Pelaji, ya ce in bai dawo ba ta sayar da motar, kada ta faɗi zancen zoɓo.

Yadda muka ƙetare raƙuman nan ba zan iya ba da labarinsa daidai ba, don ni ma rabi idona a rufe yake. Na dai san Amusu ya tsaya yana ƙirga su, ya bar shida suka wuce, ya daka tsawa, samari suka tura, inji ya ɗauka, hancin jirgi ya kalli sama sannan ya faɗo. Da na buɗe ido muna kan ruwa mai lilo a hankali, ƙauye ya koma ɗan layin kwakwa. Na nemi Fofo ban gan shi a benci ba. Yana kwance rub da ciki a ƙasan jirgi, cikin ruwan kifi, fuskarsa a katako. Ya kira Maryamu, ya kira kakanninmu da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ya yi amai, ya koma kan Maryamu. Amma hannunsa na dama yana riƙe da idon sawun Fifame, riƙon da sai da ya bar shaida.

Muka yi tafiya mai nisa, Amusu ya kashe inji. Shiru, sai ruwa yana lasar katako. Muka jira. Rana ta fara sunkuyawa, samarin suka fara kallon tsohon, shi kuma yana kallon ruwa. Fifame ta cije leɓen nan nata mai ciwo. Na fara shirya abin da zan gaya mata a hanyar gida, ban samu ko kalma ɗaya mai amfani ba.

Sai muka ji numfashi. Wani dogon huci ne a bayanmu, kamar an sauke babbar tukunya daga wuta an buɗe. Muka waiga, ga feshi yana saukowa, iska ta kawo mana shi a fuska, da wani wari da ya sa na ji daddawata turare ce. Sannan bayanta ya fito, baƙi, yana sheƙi, yana ta fitowa kamar ba zai ƙare ba. A gefenta ga ƙaramin, yana bin ta yana gogar jikinta. Samarin da suke ganinta duk shekara ma sun cire hannu daga komai.

"Papa," Fifame ta ce a hankali, "tashi ka gani."

"Ba zan iya ba."

"Papa, ga ta nan kusa."

"Kalla mana, ke. Kalla da kyau. Ina riƙe da ke."

Sau uku tana fitowa. A na ƙarshe ta lanƙwasa, ta ɗaga wutsiya sama, fari a ƙarƙashi, ruwa yana zuba daga gefenta, ta nutse ba ko ƙara. Muka daɗe muna kallon wurin da ta bari. Amusu ya ja igiyar inji, ya juya mu gida.

Fifame ta tsuguna kusa da kan ubanta. "Ka gan ta ko kaɗan?"

Na ga bakinsa ya buɗe, na kuma san abin da ya saba fitowa daga ciki.

"Ban gan ta ba, 'yata. Katako kawai na gani." Ya juyo da kunci ɗaya daga cikin ruwan kifin. "Ba ni labari."

Ta gyara zama, ta fara. Ta faɗi hucin, ta faɗi warin, ta faɗi ɗan da yadda yake manne wa uwarsa, da wasu ƙuraje-ƙuraje a kanta, da farin wutsiya.

"Ta kai motarmu?" ya tambaya.

"In an jera uku, wataƙila su kai ta."

"Ke Fifame," in ji shi daga ƙasan jirgi, "ban da ƙari."

"Ba ƙari, Papa. Na gani."

"To. Ci gaba."

Ta ci gaba, shi kuwa bai saki ƙafarta ba har jirgi ya taɓa yashi.